Sunayen 'yan dakon kitse da ciwon daji

Kitse ba ya narkewa a ruwa, cikin ƙwayoyin halittar jikinmu kuwa yawanci ruwa ne. Saboda haka dole a sami abin da zai rungumi maiƙo ya kai shi inda za a ƙona shi don samun ƙarfi, ko inda za a gina bangon sabuwar ƙwaya da shi. Wasu ƙananan furotin ne ke wannan aiki. Siffarsu ta ganga ce mai murfi, maiƙon ya shige ciki, murfin ya rufe. Yawancinsu ɗaya tak suke ɗauka a lokaci guda, na hanta ne ke ɗaukar biyu. Masana na taƙaita sunansu da FABP, wato furotin mai riƙe maiƙo. Ni 'yan dakon kitse nake ce musu, don ɗan dako bai damu da mai kaya ba, lafiyayyar ƙwaya ce ko ta daji.

Sunan farko harafi ne kawai. A 1969 Irwin Arias da abokan aikinsa a New York suka ware wasu furotin biyu daga hantar ɓera, suka kira su Y da Z. A 1972 Robert Ockner da tawagarsa suka bayyana furotin mai kama maiƙo a hanji da hanta da tsokar zuciya, aka kuma gane cewa Z ɗin nan ɗan gidan ne. Daga nan aka shiga raɗa wa kowanne sunan gaɓar da aka fara ganinsa: na hanta, na hanji, na zuciya, na ƙwayoyin kitse, na fata, na ƙwaƙwalwa. Bai daɗe ba aka ga sunayen sun yi ƙaranci. "Na zuciya" yana cikin tsokar jiki da ƙoda da mama. "Na fata", wanda aka tsamo a 1992 daga fatar masu cutar soriyasis, kusan ko'ina akwai shi. Shi ya sa aka koma lambobi, FABP1, FABP2, haka dai.

Sunan da ya fi damuna shi ne MDGI. A 1987 masu bincike a Berlin ta Gabas, cikinsu har da Frank Böhmer da Richard Grosse, suka fitar da wani furotin daga hantsar saniya mai shayarwa. Suka ga yana rage saurin hayayyafar ƙwayoyin sankarar mama a gwaji, sai suka sa masa suna mai ma'anar "mai hana girma, daga mama". Daga baya aka tabbatar ba baƙo ba ne, shi ne dai na zuciyar nan, FABP3. Sannan ƙungiyar Pirjo Laakkonen a Helsinki ta same shi da yawa a ƙwayoyin gliyobilastoma, muguwar sankarar ƙwaƙwalwa, musamman waɗanda ke kutsawa cikin lafiyayyen nama. Da aka hana ƙwayoyin samar da shi, sai suka riƙa mutuwa. Wanda aka raɗa wa "mai hanawa" ga shi a nan daji na dogaro da shi. Masu binciken 1987 ba su yi ƙarya ba, abin da suka gani suka faɗa. Laifin sunan shi ne ya yanke hukunci daga gwaji a kan irin ƙwaya ɗaya.

FABP4 ma sunansa na asali ya ɓoye wani abu. Ana kiransa aP2, "a" ɗin na nufin ƙwayar kitse, P2 kuma don ya yi kama da wani furotin na rigar jijiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci ana feɗe rago ya ga shimfiɗar kitsen nan mai kama da raga da ke lulluɓe da hanji. Mutum ma yana da ita, kuma can sankarar ƙwan mace ta fi yawan ƙaura. A 2011 Kristin Nieman da Ernst Lengyel na Jami'ar Chicago suka nuna cewa ƙwayoyin dajin na sa ƙwayoyin kitsen su saki maiƙonsu, su kuma su ƙona shi su yi ta girma. A bakin iyakar da ƙwayoyin biyu ke haɗuwa, ƙwayar dajin da kanta tana cike da FABP4. Ɓerayen da ba su da wannan furotin, ƙarin da ya yaɗu a cikinsu ya ragu ƙwarai.

Wannan ya shafi mu masu rubuta labaran lafiya da Hausa, domin mu kan fassara suna ne kafin mu binciki aiki. Idan aka rubuta wa mai karatu "furotin mai hana daji", iyalin mara lafiya za su fita neman inda ake sayar da shi, kuma ba za a rasa mai sayar musu da wani abu ba. Gara a faɗi lambarsa, a ce maiƙo yake ɗauka, a ambaci irin dajin da aka yi gwajin a kansa, a kuma bayyana ko a ɓera aka yi ko a mutum. Magungunan da ke toshe bakin waɗannan furotin har yanzu a matakin gwaji suke, babu wanda aka amince a riƙa bai wa masu ciwon daji a asibiti.