Zalika Souley: matar da ta fara hawa doki a sinimar Nijar

Yau tarihi za mu taɓa, na wata baiwar Allah da yawancinmu ba mu san ko sunanta ba, alhali 'yan fim ɗin Kano kam har mazajensu da 'ya'yansu mun sani.

An haifi Zalika Souley a Yamai a 1947. A 1966, tana 'yar shekara 19, Moustapha Alassane ya saka ta cikin fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier. Fim ne na barkwanci: wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye da faɗa da satar dabbobi. Mace guda ce cikin gungun, ita ce Zalika, da wando da hula da bindiga a ƙugu. Ana dariya, amma saƙon a fili yake: kwaikwayon baƙo ido rufe ɓarna yake kawowa.

Daga nan Oumarou Ganda ya ɗauke ta. Ta fito a Cabascabo, labarin tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Indocin ya cinye kuɗinsa da abokan banza; an nuna shi a bikin Kan na Faransa a 1969. Sai Le Wazzou polygame, inda ta fito a matar Alhaji da kishi ya kai ta ga kisa. Wannan fim shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, a 1972. Kun ji fa, Nijar ce ta fara ɗauko ta kafin kowa. Ta kuma yi F.V.V.A. na Alassane, mai zolayar masu haukan mata da mota da gida da kuɗi, da L'Étoile noire na Djingarey Maïga.

To, me ta samu? Da yake sau da yawa a mace marar kunya ko muguwa take fitowa, mutane suka kasa raba wasa da gaskiya, suna zaginta a kan hanya kamar halinta ne. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, kuɗin yin fim ya ƙafe, gidajen sinima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da Rahmatou Keïta ta shirya fim a kan rayuwarta, Al'lèèssi, a ɗan gida ba ruwa ba wuta ta tarar da ita da 'ya'yanta. A 2000 ta tafi ƙasar waje aikatau. Ta rasu a Yamai a watan Yuli 2021.

Sunan Ganda na nan a kan babban gidan raya al'adu na Yamai, kuma ya cancanta. Amma fim ba ya yiwuwa da mai ɗauka kaɗai. Har yau a garuruwanmu, yarinyar da ta shiga wasan kwaikwayo a lakwal ko a rediyo sai an yi ta da ita, mu ne kuma masu tura bidiyon barkwanci a WhatsApp har caji ya ƙare. Wanda ya fito a ɓarawo ba ɓarawo ba ne, wadda ta fito a muguwar kishiya aikinta ta yi. Malaman makarantunmu, daga Tanut har Belbeji, don Allah ku riƙa faɗa wa yara sunan Zalika idan kuna koyar da tarihin ƙasa.

Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata.