Vidin, Birnin Bakin Kogin Danub

A kusurwar arewa maso yammacin ƙasar Bulgeriya, inda kogin Danub ya yi gwiwa ya raba ta da Romaniya, akwai wani tsohon birni da ake kira Vidin, wanda duk mai sarautar da ya yi ƙarfi a wannan nahiya sai da ya kwaɗaita da shi, domin wanda ya riƙe shi ya riƙe mashigin kogi, da harajin jirage, da ƙofar da abokan gaba ke shigowa ta cikinta. Rumawa ne suka fara kafa masa ganuwa ta sosai, a kan kufan wani gari na mutanen da suka riga su, suka raɗa masa suna Bononiya. Da Bulgarawa suka gaje wurin, sai suka kira shi Bdin, kuma a ƙarni na 10 suka ɗora sansaninsu a kan harsashin ginin Rumawa.

Wannan sansani shi ne Baba Vida, kuma kada mai karatu ya ruɗu da lafazin, gama a harshensu baba kaka ce mace. Hikayar mutanen wurin ta ce Vida 'yar wani basarake ce wadda, da ta ga yadda aure ya wahalar da ƙannenta biyu, ta ƙi kowane manemi, ta gina wa kanta wannan mafaka, ta tsufa a ciki. Ko hikayar ta inganta ko ba ta inganta ba, ginin ya yi halin mai sunan, don kuwa Basil na biyu, sarkin Kustantiniya, sai da ya shafe wata takwas yana muhasararsa kafin ya samu shiga.

A ƙarni na 14 wani sarkin Bulgarawa, Ivan Sratsimir, ya mai da Vidin gadon sarautarsa, amma bai ji daɗinta ba: Hangarawa suka ƙwace birnin a 1365, suka tsare sarkin, sai a 1369 ya komo, sa'an nan a 1396, bayan Sarkin Musulmi Bayazid na ɗaya ya karya rundunar Kiristocin Turai a Nikopolis, birnin ya shiga hannun Daular Usmaniyya, ya zauna a ciki kusan shekara ɗari biyar, in ban da ɗan lokacin da Ostiriya ta riƙe shi a 1689.

A ganina, zamanin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na Usman Pazvantoglu, wanda ya yi tawaye ga Sarki Salim na uku saboda sabon tsarin soja da sarkin ya ɓullo da shi, ya tara mayaƙan da gyaran ya fusata, har ya zamana hukuncinsa ne ke gudana a yankin. A 1798 aka aiko masa da babbar runduna, ta kewaye birnin, ta koma ba ta ci nasara ba. Da Istambul ta ga babu makawa, sai ta naɗa shi basha, wato ta ba shi da hannun dama abin da ya riga ya karɓe da na hagu. Ya rasu a 1807, shekara uku bayan hijirar takwaransa Shehu Usmanu zuwa Gudu. Abin mamaki, wannan mutum na takobi masallaci ya bari da ɗakin littattafai a gefensa, kuma a ƙololuwar hasumiyar, inda aka saba ganin jinjirin wata, wata alama ce mai siffar zuciya.

Bayan yaƙin Rasha da Turkawa, Vidin ya zama na Bulgeriya a 1878, Sabiyawa kuma suka kewaye shi sau biyu, a 1885 da 1913, ba su shiga ba. Baba Vida, wanda Turkawa suka mayar rumbun makamai da kurkuku, yanzu gidan tarihi ne. Mai son hayewa zuwa Kalafat ta Romaniya kuwa, da sai ya jira jirgin fito, har zuwa 2013 da aka buɗe gada.