Sulken da Kaisar bai taɓa gani ba

Idan aka ce mana sojan Rum, hoto ɗaya ne ke faɗo mana a rai: ƙato sanye da rigar ƙarfe mai falle-falle, da kwalkwali mai ƙyalli, da jar garkuwa mai lanƙwasa. Fina-finai ne suka dasa mana shi, har muke ɗauka haka Rumawa suka yi shiga tun farkonsu har ƙarshensu. Alhali rundunar nan ta shafe ɗaruruwan shekaru tana yaƙi, kayanta kuma suna sauyawa.

A Turai akwai ƙungiyoyin da ke kwaikwayon sojan Rum, su ƙera kayan, su yi fareti a gaban jama'a da 'yan makaranta. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu ita ce Ermine Street Guard, wadda aka kafa a Ingila a 1972. Duk mai son shiga irin wannan harka, kafin ya kai kuɗinsa wurin maƙeri, sai ya amsa tambaya ɗaya: sojan wace shekara zai zama? In ya kuskure, yaron da ya zo kallo zai koma gida da tarihin da bai taɓa faruwa ba.

Mu fara da zamanin jamhuriya. Polybius, Bagirken da ya yi rubutu a ƙarni na 2 kafin Miladiyya, ya ce yawancin sojoji ɗan farantin tagulla kawai suke ɗaurawa a ƙirji, sai wanda dukiyarsa ta haura dirakma 10,000 ne ke sa sulke. Sulken kuwa mai zobba ne, irin wanda muke gani a jikin mahaya a hawan Sallah a Kano ko Katsina. Kwalkwalin lokacin na tagulla ne, mai ɗan tsini a ka, wanda masana ke kira Montefortino, sunan wurin da aka tono shi a Italiya.

Da irin wannan kaya Yuliyus Kaisar ya ci ƙasar Gol, wato Faransa ta yau, tsakanin 58 da 50 kafin Miladiyya. An kashe shi a 44. Rigar falle-fallen kuwa sai a zamanin Agustas ta ɓullo, kuma daga cikin tsofaffin gutsattsarinta akwai waɗanda aka samu a Kalkriese a Jamus, inda ake ganin nan aka hallaka rundunoni uku na Varus a shekara ta 9 Miladiyya. Saboda haka duk wanda ya ɗora wa sojan Kaisar wannan riga ya ba shi abin da ba a ƙera ba tukuna. Ko sunanta ma, lorica segmentata, ba daga bakin sojan Rum ya fito ba. Masana ne suka laƙaba mata shi a ƙarni na 16.

Yadda ake haɗa ta ya daɗe yana ba mutane wahala. An fi dogara da zanen da ke jikin ginshiƙin Sarki Tarajan a birnin Rum, wanda aka kammala a 113. Sai a 1964 masu tono suka ci karo da wani akwatin katako a Corbridge, kusa da katangar Hadiriyan a arewacin Ingila, cike da tarkacen kayan soja da tsatsa ta cinye. Daga nan H. Russell Robinson ya gano cewa igiyoyin fata ne ke riƙe fallayen daga ciki, maɓallai da ƙugiyoyin tagulla kuma daga waje. Littafinsa na 1975 ne ya rarraba kwalkwalan zuwa gida-gida, kuma har yau da sunayensa ake ciniki: Imperial Gallic na baƙin ƙarfe mai faɗin makarin ƙeya, da ɗan'uwansa Imperial Italic. Irin Corbridge ya dace da ƙarni na 1 zuwa farkon na 2. Bayansa sai irin Newstead, daga Sikotilan.

Amma kada mu ɗauki ginshiƙin Tarajan tamkar hoton kyamara. Ya nuna sojojin runduna duk cikin falle-falle, tsaf-tsaf. Wani ginin tunawa da yaƙin guda, a Adamclisi ta Romaniya, ya nuna su cikin sulken zobba da mai ɓawon kifi, da ƙarfe a dantse. Mu dai mun fi amincewa da na biyun, don a filin dagar aka sassaƙa shi. Mutanen Dasiya suna da wani makami mai kama da lauje mai doguwar ƙota, kuma a wannan zamani ne muke fara ganin kwalkwali da sandunan ƙarfe biyu a giciye bisa kai. Wanda ya sa irin wannan kwalkwali ya ce shi sojan da ya shiga Birtaniya ne a 43, ya yi gaba da zamaninsa da kusan shekara 60.

Akwai sassauci ta gefe ɗaya. Kayan ƙarfe suna da tsada, ba a yar da su. An samu kwalkwali ɗauke da sunayen mutum biyu ko uku da suka gaje shi bi da bi, an huda su a makarin ƙeya. Tsohon kwalkwali a kan sabon soja abu ne da ya faru, don haka ba lallai 'yan fareti su fito iri ɗaya kamar 'yan makaranta ba.

Zuwa ƙarni na 4 hoton ya canja sarai. Falle-fallen ta ɓace, sulken zobba ya sake mamaye fili, gajeren takobi ya ba dogo wuri, garkuwa ta koma mai siffar ƙwai. Kwalkwalin kuma ɓari biyu ne da aka haɗa da tudun ƙarfe a tsakiya, kamar waɗanda aka tono a Intercisa ta Hungari. Sojan Sarki Kustantin, mai wando da riga mai dogon hannu, shi ne wanda 'yan kallo suka fi tambaya ko shi ma Barume ne.