Makarin rana na mota: yadda yake aiki da iyakar kariyar da yake bayarwa a zafin Yola

A unguwar Dubeli da ke Jimeta, cikin ƙaramar hukumar Yola ta Arewa a Jihar Adamawa, ba kowane mai mota ne ke samun inuwar da zai ajiye motarsa ba. Wanda ya zo kasuwa ko ofis ko masallaci bayan hantsi yakan tarar an riga shi gindin bishiyar dogon yaro, sai ya bar motar a rana. Idan ya dawo bayan awa ɗaya ko biyu, sitiyari ba ya taɓuwa, kujera kuma ba ta zaunuwa.

Wannan ne ya sa ake yawan ganin wani abu mai ƙyalli a bayan gilashin gaban motocin da aka ajiye. Shi ne makarin rana, wanda ake shimfiɗawa idan an tsaya, a naɗe shi idan za a tashi. Yana rage zafin kayan cikin mota kuma yana ƙara musu kwana, amma kariyarsa tana da iyaka, kuma rashin sanin wannan iyaka yana iya jawo asarar rai.

Zafin Yola

Yola da Jimeta suna kwance ne a kwarin kogin Binuwai, wuri mai ƙasa-ƙasa, shi ya sa suke cikin garuruwan da suka fi zafi a Najeriya. A watannin Maris da Afrilu, kafin saukar damina, zafin rana yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ya haura. A ranar 3 ga Afrilun 2010 an auna digiri 46.4 a Yola, adadin da ake ambata a matsayin zafi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a ƙasar.

Wajen tsakiyar Afrilu, rana takan tsaya daidai tsakar ka a Yola da tsakar rana, ta sake yin haka a ƙarshen Agusta. A irin waɗannan ranaku inuwar gini da ta katanga takan ƙanƙance har ta kusa ɓacewa, motar da aka jingina da bango da safe sai ta koma cikin rana tsundum kafin azahar.

Abin da ke faruwa a cikin rufaffiyar mota

Gilashi yana barin hasken rana ya ratsa shi. Idan hasken ya faɗa kan dashbod da sitiyari da kujeru, musamman baƙaƙe, sai su shanye shi su yi zafi. Daga nan su ma su riƙa fitar da zafi, amma irin wanda ba ya ratsa gilashi cikin sauƙi. Tun da tagogi a rufe suke, iskar da ta ɗumama ba ta da mafita, zafi sai ya yi ta taruwa.

Masana sun auna saurin wannan taruwa. Wani bincike da masu nazari na Jami'ar Stanford ta Amurka suka wallafa a 2005 ya gano cewa zafin cikin motar da aka bari a rana yana ƙaruwa da kimanin digiri 22 cikin awa ɗaya, kuma kashi 80 cikin 100 na ƙarin yana faruwa ne a minti 30 na farko. Binciken ya kuma nuna cewa sassauta gilashin taga kaɗan bai kawo wani sauyi na a zo a gani ba.

A 2018, masu bincike daga Jami'ar Jihar Arizona da Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a ranakun da zafin waje ya kai kusan digiri 38 ko fiye, wato kwatankwacin bazarar Yola. Bayan awa ɗaya a rana, iskar cikin mota ta kai kimanin digiri 47, kujeru 51, sitiyari 53, dashbod kuwa 69. A motocin da aka ajiye a inuwa, dashbod ya tsaya a kimanin digiri 48, iskar ciki kuma 38.

Waɗannan alƙaluma suna nuna inda matsalar take. Dashbod ne murhun motar, gilashin gaba kuma shi ne babbar ƙofar da rana ke shiga ta same shi.

Aikin makari

Makarin rana yana tare hasken ne tun kafin ya isa dashbod. Fuskarsa mai ƙyalli, wadda aka lulluɓe da siririn alminiyam ko wani shafi mai kama da shi, tana mayar da mafi yawan hasken waje ta cikin gilashin da ya shigo. Soso ko ledar da ke tsakiyarsa kuma tana hana zafin da ya rage tsallakawa ɗaya gefen da sauri. Saboda haka ne ake juya fuska mai ƙyalli waje. Makari mai duhun launi, ko wanda aka cika da zane, yana shanye hasken ya yi zafi, kuma zafin nasa a cikin motar yake zama.

Babban amfaninsa yana ga abubuwan da rana ke duka kai tsaye. Yawan zafi da haske suna busar da robar dashbod har ta tsage, suna kuma sa fatar kujera da yadinta su koɗe. Allon na'urorin zamani da ke jikin dashbod shi ma ba ya son zafi. Ga mai tsohuwar mota 'yar Kwatano, wadda dama robarta ta sha shekaru kafin ta iso, wannan kariya ta fi kuɗin makarin nesa ba kusa ba.

Akwai kuma batun mai. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, direbobi da yawa suna lissafi kafin su kunna na'urar sanyaya mota. Motar da dashbod ɗinta bai gasu ba ta fi saurin yin sanyi, don haka na'urar ba ta daɗewa tana aiki da ƙarfi.

Asalinsa da ire-irensa

Makari na farko da ya bazu a duniya na kwali ne mai ninki-ninki. Wani ɗan Isra'ila mai suna Avraham Levy ne ya ƙirƙiro shi, ya sami takardar mallakar fasaharsa a Amurka a 1980, kuma a shekarun 1980 ya yi kasuwa sosai a jihar Kalifoniya. A 1989 wani mai ƙirƙira mai suna Yu Zheng ya sami takardar mallakar wani samfuri mai waya a gefe, wanda ake murɗawa ya koma ɗan ƙaramin da'ira.

A yau akan sami iri huɗu a kasuwa. Na farko shi ne mai ninki-ninki, wanda yanzu ake yi da soso ko leda mai kumfa maimakon kwali. Yana da kauri kuma yana tare zafi da kyau, sai dai yana cin wuri, kuma yakan karye a kan ninkinsa idan ya tsufa. Na biyu shi ne mai waya, wanda idan an naɗe shi bai fi faifai girma ba. Na uku yana buɗewa ne kamar lema. Yana da saurin sawa, amma sandarsa tana iya karce dashbod ko allon na'ura. Na huɗu shi ne wanda ake shimfiɗawa a kan gilashin daga waje, a maƙale kunnuwansa a ƙofofi. Wannan ya fi sauran rage zafi domin gilashin kansa ba ya gasuwa, amma yana kwasar ƙura, iska tana iya ɗaga shi, kuma yana da sauƙin sacewa.

Zaɓe da amfani

Abu na farko da mai saye zai duba shi ne girma. Gilashin ƙaramar mota da na jif ko bas ba ɗaya ba ne, kuma duk giɓin da aka bari a gefe ƙofa ce ga rana. Ya kamata a auna faɗi da tsawon gilashin kafin a je kasuwa, ko a gwada makarin a jikin motar kafin a biya. A kuma ɗaga shi a rana a duba: wanda haske ke ratsawa sosai ba zai yi aikin kirki ba.

Wajen sawa, a matsa shi jikin gilashi sosai, a sauko da maƙallan tare rana biyu na saman kujerun gaba su danne shi. Robar tsotsa da ke zuwa da wasu takan saki idan zafi ya yi yawa. Wajen naɗe mai waya, a riƙe gefensa biyu, a murɗa hannu ɗaya gaba ɗaya baya har ya yi siffar lamba 8, sannan a haɗe da'irorin. A lokacin hunturu a riƙa goge fuskarsa da ɗanyen tsumma, domin ƙura tana dusashe ƙyallin da aikin ya dogara a kai.

Inda aka juya motar ma yana da tasiri. Wanda zai tashi da la'asar, gara ya juya gaban motarsa gabas, domin kada ranar yamma ta doki gilashin gaba a sa'o'in ƙarshe. Kafin a tashi kuma, a buɗe ƙofofi ko tagogi na ɗan lokaci iska mai zafi ta fita, sannan a kunna na'urar sanyi.

Bambancinsa da baƙin gilashi

Wasu sukan zaɓi manna baƙar leda a gilashi domin maganin zafi. A Najeriya wannan yana ƙarƙashin dokar 1991 da ta hana duhunta gilashin mota sai da izini bisa dalilin lafiya ko tsaro, kuma rundunar 'yan sanda ce ke bayar da izinin. A 2025 rundunar ta dawo da tsarin neman izinin ta intanet, abin da ya sa Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya ta garzaya kotu. Makarin rana na motar da ke tsaye ne, kuma dole a cire shi gaba ɗaya kafin a motsa. Labule ko raga da ake bari a tagogin gefe yayin tafiya suna rage wa direba gani, kuma suna iya jawo tambayoyi a shingen jami'an tsaro.

Abin da ba zai iya ba

Makari yana rufe gilashi ɗaya ne kawai. Rufin mota da ƙofofi da sauran tagogi suna ci gaba da ɗaukar zafi, saboda haka iskar ciki tana iya kaiwa matakin da ke kisa ko da an sa shi. Bai kamata a bar magunguna a ciki ba, domin yawancinsu an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30. Haka ma laita da gwangwanin turaren feshi da wayar salula da batirin cajinta.

Haɗari mafi girma yana kan yara. Jikin ƙaramin yaro yana ɗumama sau uku zuwa biyar fiye da saurin na babba. Idan zafin jiki ya kai digiri 40 bugun zafi ya fara, idan ya doshi 42 kuwa gaɓoɓin ciki suna iya daina aiki. A watan Disambar 2021 an tsinci gawarwakin yara takwas a cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagry na Jihar Legas. Makari yana iya ƙara irin wannan haɗari ta wata fuska, domin yana hana mai wucewa hango abin da ke cikin motar.

Don haka ba a barin yaro ko tsoho ko marar lafiya ko dabba a rufaffiyar mota ko da na minti kaɗan ne. Motar da aka ajiye a ƙofar gida ko a garejin makanike a kulle ta, a ɗauke makullin daga inda yara za su kai. Idan yaro ya ɓace a unguwa, a fara duba motocin da ke kusa har da but ɗinsu. Wanda aka fito da shi daga mota jikinsa ya yi zafi, yana magagi ko ya suma, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwan sanyi ana yi masa fifita, a kuma garzaya da shi asibiti mafi kusa ba tare da jinkiri ba.