Lakwaja, Magamar Kwara da Binuwai

Duk Bakanon da Allah Ya ƙaddara masa sauka Lakwaja, inda Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila ran 1 ga Janairu 1900, bai kamata ya wuce da gaggawa ba, domin a nan ne Sarkin Kano Alu Babba, wanda Nasara suka tuɓe a 1903, ya zauna a tsare har wafatinsa a 1926, Allah Ya jiƙansa. Sai Bakanon ya fara da ziyarar kabarin Sarkin, wannan hakki ne. Sa'an nan ya hau Dutsen Patti tun da sassafe, da gorar ruwa a hannu, ya hangi kogunan biyu kowane da launinsa. Amma ya guji hunturu, saboda hazo kan rufe magamar.