Tarihin Turke da Gona a Ƙasar Waca

A wannan karo za mu waiwayi yadda kakanninmu suka riƙe dabbobin gida, don yara su sani, manya su tuna.

Waca tana cikin ƙasashen Sosebaki tare da Dungas da Mirya, daga baya ta shiga ƙarƙashin Damagaram. Tun wancan zamani da wuya ka shiga gidan manomi ba ka tarar da turke ba. Akuya da tunkiya galibi na mata ne, jaki na kai taki da ɗauko ruwa, kaji da zabi suna kiwon kansu. Yaro kan tashi da ɗan akuyar da aka ba shi, a kansa yake koyon tausayi da riƙon amana.

Kowane lokaci da aikinsa. Da damina a ɗaure awaki kada su yi ɓarna, yara su yanko ciyawa. Da kaka a tara harawar wake da ta gyaɗa a ɗora bisa itace ko rumfa. Bayan an kwashe amfani Fulani su sauka a gona, shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya ba su gero. Da sanyi a ba dabba dusa da kanwa. Bazara ita ce mai wuya, rumfa ta ƙare, daji ya bushe. A nan gawo yake ceto. Shi kan zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a gindinsa, da rani kuma ya yi kore ya zubo ƴaƴa. Dattawa suna ba da labari cewa Sarki Tanimun na Damagaram, wanda ya rasu a 1884, ya kafa doka mai tsanani a kan mai saran gawo.

An sha wuya ba sau ɗaya ba. Wajen 1891 cutar bushiya ta share shanun ƙasashen nan. A 1914 aka yi yunwar Kakalaba. Fari ya dawo a 1973, ya kuma dawo a 1984, shekarar da Nijeriya ta rufe iyaka, har aka sa wa yunwar suna El Buhari. A irin wannan shekara dabba takan faɗi, hatsi ya hau. Wanda ya makara wajen sayarwa ya ga saniyarsa ta kwanta ta kasa tashi. Amma akuya tana da jimiri, tana cin ganyen itace, tana haihuwa da wuri. Gidaje da yawa da ita suka sake tada garke, wasu ma da aron uwa ɗaya daga dangi.

Akwai abin godiya. Allurar shanu da aka soma gadan-gadan a 1962 ta karya bushiya, a 2011 aka ba da sanarwa cewa ta ƙare a duniya. Bayan farin 1984 manoman Magarya, Matamai da Mirya suka riƙa barin tsiron gawo a gonakinsu, har itatuwa suka dawo inda da fili ne.

To, amma jama'a ta yi yawa, gonaki sun cinye makiyaya, burtali ya ƙuntata. Karan da ake bari a gona yanzu kayan kasuwa ne. Mai sayar da harawarsa da kaka don kuɗin hannu, shi ne zai saye ta da tsada da bazara.

Don haka, ƴan uwa da ke Kano, Damagaram da Yamai, in kun aiko kuɗi a saya muku rago ko akuya, ku haɗa da na harawa tun da kaka, da na allura, da ɗan hasafin wadda za ta kula. Kada a ɗora wa tsohuwa baki ba tare da abin da zai ci ba. Dattawa kuma ku tsawata wa mai saran gawo, ku tsare burtali a daina nome shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana dabbobinmu, amin.