Yadda garin Maraɗi ya hau gonakinsa

Wanda duk ya shiga Maraɗi yau shina ganin gidaje ba iyaka. Amma dattawa sun san abin da ke wurin da can. Gonakin hatsi ne da na gujiya. Ga yadda abin ya tahi.

A zamanin jihadin Shehu Usumanu, sarakunan Katsina sun rasa birninsu cikin shekara ta 1807. Sai sunka yo arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi. Garin hwarko cikin kwarin gulbi yake, kusa da ruwa da kurmi. Tudu kuwa an bar ma manoma da makiyaya.

Cikin damanar 1945 gulbi ya cika, ya shiga gari. Gidajen ƙasa sunka rushe. Turawan Faransa masu mulki a lokacin sunka sa anka maida gari bisa tudu. Anka shata hanyoyi miƙaƙƙu, anka raba hilaye. Ruwa ya kori gari daga kwari, gari kuma ya hau gonaki.

Daga nan gari bai sake tsayawa ba. Cinikin gujiya ya jawo mutane. Ciniki da Nijeriya ya jawo wasu. Hwarin 1973 da na 1984 sun koro talakawa daga ƙauyuka, kowa na biɗar wurin zama. Ƙidayar 1977 ta samu mutum wajen 45.000 a Maraɗi. Ta 1988 ta samu wajen 110.000. Ta 2012 ta samu hiye da 260.000. Kowace sabuwar unguwa gonar wani ce anka yanka.

Mi ya biyo baya? Gona tana shan ruwan sama. Rairayi na tsotse shi, saiwar itace na riƙe ƙasa. In anka gina wuri, ruwan kwano da na daɓe ba shi da wurin shiga. Sai shi bi hanya da gudu, shi haƙa zaizaya, shi ci gindin bango. Yashin da ya kwasa, can hwadama yake zuba shi, bisa ƙasar masu garka.

Mai gini kuma shina sare gawo. Gawo kuwa shi ke ba gona taki, shi ke ba bisashe abinci da rani. In itace ya ƙare, iska da ƙura su shigo gida. Inda anka ɗebi ƙasar tubali, rami ke saura. Ramin shi cika da ruwa da shara, sauro shi yi yawa, yara su kwanta da masassara. Ramin ma shina cin yaro.

A ƙarshen watan Agusta na 2024 ruwa mai ƙarhi ya sauka Maraɗi. Gidaje da yawa sun rushe, an yi asarar rayuka. Wannan karo bisa tudu ruwan ya iske mutane.

Magani fa? A Yamai an taɓa gwada wani. Tun 1965 ma'aikatan gandun daji sunka soma dasa itatuwa kewaye da birnin, galibi dogon yaro, don tare iska da ƙura. Itacen ya kama. Amma da gari ya yi girma, gidaje sunka shiga cikin dajin, anka sare mai yawa. Dashe ba tsaro, wahala ce.

Wani maganin kuwa daga gonakin jihar Maraɗi ya hito. Tun wajen 1983 manoma sunka soma sassaben zamani. Ba su tumɓuke kututture. Suna barin reshe biyu ko uku su tashi. Da wannan dabara miliyoyin itatuwa sunka dawo cikin jihohin Maraɗi da Damagaram. Abin da anka yi a gona, ana iya yin sa a unguwa.

Saboda haka, in gari ya iso bakin gonarku, ku kula da abu huɗu. Kada a gina cikin hwadama ko bisa hanyar ruwa. A bar gawon da anka iske, kowane gida kuma shi dasa itace. A cike ramin tubali in an gama aiki. Kuma kada a saida gona a ɓoye. Dokar ƙasar noma ta 1993 ta tanadi kwamitocin hilaye. Ku je can da ƴan uwa da maigari, a rubuta takarda.

Mai saida gona shi tuna: kuɗin hili kan ƙare cikin ƴan watanni, gona kuwa kowace damana sai ta ciyar da gida. Rigakahi ya hi magani.